ThinkPad T480 ta hannu ta fi mini sabuwa fil a kwali

Duk mai neman laptop tambayarsa ɗaya ce: HP, Dell ko Lenovo? Ni yanzu sai in ce masa wace HP ɗin? Kowane kamfani yana da samfurin da yake ƙera wa bankuna da manyan ma'aikatu, yana kuma da na araha mai ƙyalli da ake jera mana a gaban shago. EliteBook ta HP, Latitude ta Dell da ThinkPad ta Lenovo ajinsu guda. Sunan da ke bayan murfi ba shi ne ƙarko ba.

Wadda nake aiki da ita a da sabuwa ce, ni na yage ledarta da hannuna. Siririya, gwanin sha'awa. Garanti na ƙarewa ƙarfen da ke riƙe murfin ya ɓalle ya tsaga robar gefen allo. Mai gyara ya buɗe ta, ya nuna mini RAM ɗin, wato ƙwaƙwalwar aikin kwamfutar, an liƙe ta da darma, ya ce, "Yallaɓai, wannan ba a yi ta don a gyara ba." Har yau in na tuna kuɗin da na zuba raina ɓaci yake.

Sai na gangara Beirut Road a Kano, aka jera mini guda uku na hannu, duk 'yan 2018: EliteBook 840 G5, Latitude 7490 da ThinkPad T480. Gaskiya EliteBook ta fi kyan gani da jikinta na alminiyam, kuma ta fi tsada a shagon. Latitude ta fi rashin nauyi. T480 kuwa baƙa ce wuluk, ba kwalliya ko kaɗan. Batir ne ya sa na ɗauke ta, domin biyu ne da ita: ƙarami a ciki, da wani a ƙasa da ake zarewa da hannu.

Ranar da ta saye ni gaba ɗaya, ina buga wa wata ɗaliba kundin bincikenta, gobe da safe za ta miƙa. Wuta ta daɗe ba ta zo ba, janareta ba mai. Batirin waje ya ƙare ina tsakiyar babi na huɗu. Na kifa ta a kan cinyata, na ja 'yan makullan nan biyu, na zare shi, na soka babban da na ajiye a jaka, mai 72Wh ɗin nan da ke ɗan ɗaga bayanta sama. Na juyo ta gabana na faɗuwa. Wallahi allon ko ƙiftawa bai yi ba, rubutuna yana nan inda na tsaya. Sai bayan sallar asuba na rufe ta. Madannanta kuma taushi, yatsa ba ya gajiya.

Amma fa kada a ɗauka komai lafiya lau. Mai shagon ya rantse mini cewa cajar ta asali ce. Da na jona ta, sai kibiyar linzami ta riƙa tsalle-tsalle ita kaɗai, cajar kuma ta yi zafi har ba ta taɓuwa. Jabu ce. Na koma, ya ce, "Oga, kayan wuta in ya fita shago ya fita." Dole na sayi ta gaske mai 65W, na ƙara RAM a ramin na biyu da ke wofi, ga kuɗin babban batir. Da na haɗa lissafi, na kusa cin kuɗin EliteBook ɗin da na guje wa, kuma tun faɗuwar naira a 2023 kowa ya san yadda kayan nan suka koma. Wannan arahar da ake ta yabo, da saura.

Duk da haka in za a mayar da ni shagon, ita zan sake nunawa. Sai dai a gabansa zan jona cajar, in duba lafiyar batiran biyu, in tabbatar allon mai 1920x1080 ne, don akwai mai 1366x768 a kasuwa, wanda hotonsa bai kai shi fita tar ba. Kuma kada wani ya lallaɓe ka da T470, samfurin da ya gabace ta, wai bambancinsu kaɗan ne. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, T470 kuma ba ta cikin waɗanda Windows 11 ke karɓa a hukumance. T480 tana ciki, in dai processor ɗinta, wato injin da ke sarrafa aikinta, Intel ƙarni na takwas ne.