Sharhi: rangadin awa biyu gaban zanen da ake jayayya kan wanda ya zana shi a Brussels

Na yi rajistar wannan rangadi ne ta intanet wajen wani ƙaramin kamfanin jagorar baƙi, lokacin da aiki ya kai ni Beljiyam. Mu bakwai ne, jagorarmu kuwa wata dattijuwa ce da ta karanci tarihin zane. Ta karɓe mu a ƙofar gidan adana zane-zane na masarautar Beljiyam da ke Brussels, ba ta makara ko da minti ɗaya ba.

Abin da ya kai ni zane ɗaya ne, wanda ake kira Faɗuwar Icarus, da aka daɗe ana jingina shi ga Pieter Bruegel Babba, wanda ya rasu a 1569. Da ka tsaya gabansa, manomi za ka fara gani, da jar riga, yana huɗa da garmar doki. Ƙasa da shi makiyayi ne tsakiyar tumakinsa ya ɗaga kai sama, can bakin ruwa kuma wani ya duƙufa da fatsa. Shi Icarus ɗin, yaron tatsuniyar Girkawa da rana ta narkar da kakin fuka-fukansa, sai da jagorar ta nuna mana shi da yatsa: ƙafafu biyu kawai suna wutsil-wutsil a teku, kusa da wani jirgin ruwa. Ba wanda ya waiwaye shi. Na daɗe ina kallon kunyoyin nan na manomin, don na taso ina bin bayan garmar shanu, kuma wanda ya zana su ya san yadda ƙasa ke kwanciya in garma ta kife ta.

Inda matar nan ta ci kuɗinta shi ne da wani cikinmu ya tambaye ta kai tsaye ko Bruegel ne ya zana shi. Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce zanen ba sa hannu, ba kwanan wata, kuma ba a san inda ya shiga ba sai da gidan ya saye shi a 1912. Ta bayyana mana cewa sauran ayyukan Bruegel na fentin mai a kan katako suke, wannan kuwa a kan ƙyalle yake, kuma tun binciken kimiyya na 1996 masana da yawa suka karkata ga cewa kwafi ne na wani zanensa da ya ɓace. Tsarin nasa ne, hannun ne ake shakka. Sannan ta ja mu gaban wani zanen Bruegel mai suna Ƙidayar Baitalami na 1566, wanda ba a jayayya a kansa, ta ce mu gwada da idonmu. Ni dai na ga bambanci a kaifin surar mutane, ko da yake ta gargaɗe mu cewa an sha yi wa na Icarus gyara, gyara kuwa yana ɓoye hannun mai aiki.

Wani bayaninta ya tsaya mini a rai. Akwai irin wannan zane na biyu a gidan tarihi na van Buuren, shi ma a Brussels, a kan katako, kuma a cikinsa ana ganin Daedalus, uban yaron, yana shawagi a sama. Sai a nan na gane abin da makiyayin yake kallo.

Ƙorafina biyu ne. Tallar kamfanin ta sa na ɗauka har can van Buuren za a kai mu, ashe ba ya cikin kuɗin, kuma ba su faɗa ba sai da muka tambaya. Na'urar kunnen da suka raba mana ma tana ta katsewa, dole na riƙa matsawa kusa da jagorar don kada magana ta wuce ni.

Duk da haka zan sake biya ba tare da na ji ciwo ba. Wanda zai je ya nemi rukunin safe kafin ɗakin ya cika, ya kuma ware yammacin ranar don van Buuren da kansa, bayan ya duba ranakun da suke buɗewa.