Gargaɗi: masu tallar "sabon moto mai ba da wuta kyauta" 'yan damfara ne, na buɗe nasu na gani

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman ku masu gyaran kayan lantarki da masu son haɗe-haɗen ƙananan injina. Dan Allah ku tsaya ku karanta wannan kafin wani ya tura kuɗinsa, don ni dai na riga na tura kuma sun ci banza.

Akwai wasu da ke tallata wani ƙaramin moto, wato injin nan mai juyawa irin na cikin fanka ko firinta, wai sabuwar ƙirƙira ce ta wani injiniya, an jera masa maganaɗisu a wani tsari na musamman, da ka murza shi da hannu sau ɗaya shikenan zai yi ta juyawa yana ba ka wuta, ba batir ba sola ba mai. A bidiyon za ka ga an murza, kwan fitila ya kama, an jona wayar hannu tana caji, ga wata takarda mai hatimi ana nuna maka wai ta mallakar ƙirƙira ce. Ni da na shekara da shekaru ina naɗa koyil, wato wayar da ake naɗawa a cikin moto, ya kamata a ce na fi ƙarfin wannan, amma kun san zuciya, sai ta ce maka to in gaskiya ne fa?

Da kayan suka iso na murza, wallahi ya juya, fitila ta kama, har na kira abokin aikina ya zo ya sha kallo. Bayan awa uku da wani abu haske ya fara dusashewa, can ya tsaya cak. Na murza na murza, shiru. Da na yi musu magana sai suka ce wai maganaɗisun ne ya gaji, in tura kuɗi a aiko min wani akwati na "farfaɗo da shi", kuma kar in kuskura in buɗe gindin injin don sirrin ƙirƙirar yana ciki, in na buɗe babu garanti. Nan jikina ya yi sanyi, na ɗauko sukundireba.

Abin da na tarar a ciki: batirin litiyam irin zagayayyen nan 18650, an kwantar da shi a ƙasan katakon da aka ɗora injin a kai an malale shi da baƙin gam. Moton kuwa gama-gari ne mai burushi, wato 'yan abubuwan da ke gogar ɓangaren da ke juyawa suna kai masa wuta, irin na motar wasan yara, an dai sake masa riga. Maganaɗisun da aka jera a waje ado ne kawai, na cire su duka na sa sabon batir ya juya yadda yake yi da. Akwai ɗan makunni a ɓoye da ke haɗa layin wuta in ka murza, shi ya sa kake zaton hannunka ne ya tayar da shi. Ku yi lissafin da kanku, wannan batir bolt 3.7 ne, in mai kyau ne yana ɗaukar wajen 3000mAh, wato kusan wat 11 na awa guda, in ka ɗora masa kayan wat 3 zai kai ka awa uku da 'yan kai. Daidai lokacin da nawa ya mutu kenan. Bidiyon talla kuwa minti biyu ne.

Abin da ya fi ba ni haushi ma mahaɗar wayoyin ce. Ba su sa filogi irin wanda kowa ya sani ba, sun yi wata tasu mai ƙafa biyar an rufe ta ruf ta yadda tsinken mitar auna wuta ba zai shiga ba, suna ta yabonta wai ita ma ƙirƙira ce. Ashe ƙafa biyu daga ciki kai tsaye suke zuwa batirin, akwatin "farfaɗowa" da suke so in saya caja ce kawai ta bi ta nan. Wayar koyil ɗin ma da na kankare ta da reza sai ga fari a ciki, alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama, shi kuma alminiyam kusan kashi 61 cikin 100 na wutar da jan ƙarfe mai kaurinsa ke wucewa da ita yake iya wucewa da ita, ga saurin zafi ga karyewa. Ko a ƙaryar ma sai da suka yi ha'inci.

Sai maganar takardar. Na ɗauki lambar da ke jiki na saka a Google Patents, shafin binciken irin waɗannan takardu, kyauta ne kowa zai iya, sai ga shi lambar ta wata mahaɗar wayoyin mota ce ta wasu mutane daban, ba ruwanta da maganaɗisu, kuma wa'adinta ya ƙare tuntuni. Kuma ku lura da wannan don a nan suke kama mutane: takardar mallakar ƙirƙira ba a ɓoye ta. Yarjejeniyar ita ce ka bayyana wa duniya yadda abinka ke aiki dalla-dalla da zane, hukuma kuma ta ba ka kariya ta shekara 20 daga ranar da ka shigar da buƙata. To wanda ya ce maka yana da takardar amma kar ka buɗe don sirri ne, bakinsa ya riga ya kama shi. In kuma ya ce takardar "tana kan hanya", ma'anarsa ya miƙa buƙata ne kawai, ba wanda ya gwada abin ya ce yana aiki.

Me ya sa ba zai taɓa yiwuwa ba? Duk wanda ya taɓa juya ƙaramin moto da yatsa ya haɗa wayoyinsa biyu ya san nan take yake yin tauri, haka janareta yake, iya wutar da ka ja iya nauyin da zai yi wa mai juya shi. Ga zafin da ke tafiya a koyil, ga gogayyar burushi, ga boris, ga iska. Duk wannan asara ce, abin da ya fito kullum bai kai abin da ya shiga ba. Maganaɗisu kuma ba mai ba ne da ake ƙonawa, in ya jawo ƙarfe zuwa gare shi da ƙarfi to da irin wannan ƙarfin zai riƙe shi lokacin da zai wuce, zagaye ɗaya ka tashi a tutar babu.

Kuma wannan wasan tsoho ne fa. Tun 1775 cibiyar masana kimiyya ta Faransa ta ce ta daina ɓata lokacinta wajen duba injinan da wai ba sa tsayawa. A 1813 wani mai suna Charles Redheffer ya kafa irin wannan inji a New York mutane na biyan kuɗi suna kallo, sai injiniya Robert Fulton ya lura juyin ba ya tafiya daidai, yana sauri yana sassautawa kamar na hannun mutum, ya ɓalle wasu katakai ya ga igiya, aka bi ta har wani ɗaki sai ga dattijo zaune yana murza hannun inji. Na John Keely na Philadelphia ya fi daɗewa, ya kwashe sama da shekara ashirin yana karɓar kuɗin masu zuba jari, sai bayan ya mutu a 1898 aka tono ƙasan ɗakin gwajinsa aka sami katuwar tukunyar ƙarfe da bututu a ɓoye. Dattijon nan na Redheffer shi ne ya koma batir 18650 a zamaninmu.

Ba wai babu ƙirƙira ta gaskiya a wannan fanni ba, akwai sosai. Maganaɗisun niyodimiyam da ya fito a shekarun 1980 shi ya sa moto ya ƙanƙance ya ƙara ƙarfi, ga moto marar burushi na jirage marasa matuƙi, ga ɗan mitsitsin da ke sa wayarka kakkarwa, ga bakin caja na USB-C mai ƙafa 24 da ake sokawa ta kowane gefe. Amma duk masu waɗannan abin da suke alfahari da shi rage zafi ne da rage girma da ƙara kwana, kuma suna ba ka takardar bayanai, bolt nawa, amfiya nawa, juyi nawa a minti, ka je ka auna.

Yanzu ga inda abin ya fi muni. Bayan na yi musu ƙorafi maimakon su ji kunya sai wani ya kira ni yana "yallaɓai, yallaɓai", wai in manta da wancan, in sayi hannun jari a ƙirƙirar kafin manyan kamfanoni su saye ta, kuma duk wanda na kawo ina da kaso. Wato moton ma tarko ne kawai, ainihin kasuwar jarin ce, a ci kuɗinka kuma a sa ka jawo 'yan uwanka. Na ce masa na yarda, sharaɗi ɗaya, mu yi kiran bidiyo kai tsaye ya kwance gindin, ya sa mita a shiga da fita, ya bar shi da fitila kwana ɗaya cur. Ya ce zai tambayi oga. Kafin magariba sun toshe ni.

Jiya kuma abokin aikin nan nawa ya turo min wata sabuwar talla, sun canza suna, yanzu wai hannun turawa ne na lantarki mai buɗe ƙofa da ɗaga sola wanda ba ya buƙatar wuta. Na duba da kyau, tebur ɗaya ne, hannun mutumin ɗaya ne da zobensa, ga mahaɗar nan mai ƙafa biyar a gefe. In ta faɗo muku ku kai rahoton shafin, wanda kuma ya riga ya saya ya kwance noti huɗun da ke ƙasa ya ɗauki hoto ya sa mana a nan, amma a yi hankali wajen ɓamɓare gam ɗin, kar a huda batirin don litiyam yana kamawa da wuta.