Jitar Nailan ko Ta Ƙarfe: Wace Za Ka Fara Sassaƙawa?

Mai son haɗa jita da hannunsa a gida, kafin ya sayi katako sai ya yanke shawarar tsirkiyar da zai ɗaura.

Jita mai tsirkiyar nailan tana bin tsarin Antonio de Torres, masassaƙin jita ɗan Sifaniya da ya rasu a 1892. A bayan allon fuskarta ana manna siraran sanduna bakwai a baje kamar mafici. Ƙarfin jan da tsirkiyoyi shida ke yi kusan kilo 40 ne, don haka allon kan yi siriri, kana ƙwanƙwasa shi da yatsa kana jin amo yana buɗewa yayin da kake kankarewa. Nan daɗin aikin yake.

Ta ƙarfe kuwa jan ya kai kilo 70. Yawanci sai a gicciye sanduna biyu a bayan allon, salon da kamfanin Martin na Amurka ya yaɗa, a kuma binne sandar ƙarfe a wuya don kada ya lanƙwashe. Amonta ya fi ƙarfi da kaifi.

Ni dai ina ganin sabon hannu ya fara da ta nailan. Amma kowace ce, kada a manna allon da damina, hunturu zai tsaga shi.