Kafin ka sayi ƙaramar matatar ruwan masai a Abuja

Mai otal ko rukunin gidaje a Lugbe ko Lokogoma, in bututunsa bai kai babbar matatar gwamnati da ke Wupa ba, wata rana sai ya yi cinikin tasa. Dillali zai ɗaga maka kwalbar ruwa garau. Kada ya ruɗe ka, amoniya, sinadarin naitirojin da ke cikin ruwan masai, ba ta da launi.

Cire naitirojin aikin ƙwayoyin bakteriya ne, hawa biyu. Kashin farko suna mayar da amoniya naitiret, kuma kowane giram 1 na naitirojin yana cin wajen giram 4.6 na oksijin, shi ya sa ake hura wa tankinsu iska. Kashi na biyu sai a tankin da ba a hura iska suke mayar da naitiret iskar naitirojin ta tashi. Matatar da ba ta da wannan tanki rabin aiki take yi.

Matatun iri-iri ne. MBR, wadda ke tace ruwan ta wani mataci mai ƙananan ƙofofi, na fitar da ruwa mai kyau, amma kuɗin wuta da na canza matacinta sai mai hali. SBR kuwa, mai yin duk matakan bi da bi a tanki ɗaya, komai nata a hannun na'urar lokaci yake, wuta na rawa ta rikice.

Ni dai MBBR nake zaɓa, fasahar da aka ƙirƙiro a Norway a ƙarshen shekarun 1980. Ƙananan robobi ne masu kama da yankan taliya, suna yawo cikin tanki, bakteriya na manne a jikinsu. Masu cin amoniya jinkirin haihuwa gare su, in ruwa ya kwashe su sai an yi makonni kafin su dawo. A nan kuwa suna da wurin zama, ko an ɗauke wuta na ɗan lokaci suna farfaɗowa. Sai dai a haɗa injin hura iskar da janareto.

Ha'incin yana cikin robar. Ta ƙwarai HDPE ce (wani nau'in roba mai ƙwari) sabuwa, ta ɗan fi ruwa rashin nauyi. An taɓa kawo mana wadda aka narka daga tsofaffin bokitai: tun a buhu ka matsa ta da yatsa ta fashe, ɓurɓushinta ya toshe ragar da ke tare robobin a tanki. Ɗebi tafi guda ka zuba a bokitin ruwa, in ta nutse ƙasa, mayar masa da kayansa. Haka masu tallan garin bakteriya, wai cokali biyu ya gama magana. Ba garin da zai maye gurbin iska.

Kada ka cika kuɗi sai matatar ta yi wata biyu tana aiki, ka ɗebi ruwan da hannunka ka kai ɗakin gwajin da kai ka zaɓa, a auna amoniya da naitiret duka biyun.