Katalog ɗin ƙananan jiragen ƙasa: ina saye duk shekara, amma na daina ba da kafin alƙalami

Ni dai cutata a watan Janairu take tashi. A farkonsa kamfanin Hornby na Ingila ke bayyana kayan da zai fitar a shekara, kafin watan ya ƙare Märklin na Jamus ya fito da nasa sababbin, gab da baje kolin kayan wasa na Nuremberg. Daga nan ba ni da sukuni sai littafin ya shigo hannuna. Katalog nake nufi, littafin nan mai takarda mai sheƙi da kamfani ke jera ƙananan kawunan jirgi da taragai da layukan dogo da gine-ginen tasha, kowanne da hotonsa da lambarsa. Shekara 11 ke nan ina da layina a kan faifan katako mai tsawon ƙafa 8 da faɗin ƙafa 4, kuma katalog ɗin da na tara sun fi kawunan jirgin da na mallaka yawa. Matata ta ce wannan kaɗai ya isa shaida.

Mutane kan tambaye ni dalilin sayen littafi alhali duk hotunan suna intanet kyauta. Amsata tana cikin 'yan ƙananan alamomin da ke ƙarƙashin kowane hoto, waɗanda a waya yatsa ke wuce su ba a lura ba. Nan za ka ga zamanin da jirgin ya yi aiki. Kamfanonin Birtaniya sun kasa tarihin dogonsu zamani 1 zuwa 11, na Turai kuwa shida, don kada ka haɗa taragon 1930 da kan dizal na 1990 su zama abin dariya. Nan za ka ga irin ramin da aka bar wa 'yar na'urar da ake kira dikoda, mai fil 8 ne ko mai 21, ita ce ke ba ka damar tuƙa jirage da yawa a layi ɗaya kowanne da gudunsa. Nan kuma za ka ga kwana mafi ƙunci da jirgin zai iya bi.

Wannan ta ƙarshen da kuɗina na koye ta. A shekarata ta biyu na sayi wani dogon kan jirgin tururi mai manyan ƙafafu shida, ban duba ba. An rubuta ƙarara cewa ba ya bin kwanar da nisanta daga tsakiyar zagaye ya gaza milimita 438, zagayena na ciki kuwa 371 ne. Duk sanda ya iso kwanar bayan rumbun kaya sai ƙananan ƙafafun gaba su ɗage, su hau bisa dogo, ya kwanta a gefe kamar jakin da lodi ya rinjaya. Kwana uku ina zargin layi. Na goge shi, na kwantar da kumatuna a kan katako ina haska tocila ina neman inda ya karkace. Ashe amsar tana shafin da ni da kaina na ninke kusurwarsa. Ta wannan fuskar katalog bai taɓa yi mini ƙarya ba, kuma shi ya sa yake kusa da akwatin kayan aikina.

Inda muke samun saɓani da shi a kan hotuna ne. Iri uku ne, an jera su kafaɗa da kafaɗa kamar nauyinsu ɗaya, alhali tsakaninsu akwai tafiyar shekaru.

Akwai hoton ɗan jirgin da aka riga aka ƙera. Za ka gane shi da inuwarsa, da ƙugiyar haɗi ta roba da ta yi masa girma a gaba. Wannan ko dai tsohon zubi ne aka sake wa fenti da lamba, ko kuwa ya kusa isowa. Akwai zanen kwamfuta, wanda aka nuna daga gefe sak, sumul, ba ƙura ba inuwa. Sai na uku, wanda ya fi duka ɗaukar ido kuma ya fi duka nisa: hoton jirgin gaske, sau da yawa tsohon hoto baƙi da fari, yana tafe yana feso hayaƙi.

'Yata ce ta ganar da ni wannan, lokacin tana shekara 9. Ina zaune na zagaye wani hoto da fensir, ta leƙo ta bayan kafaɗata.

"Baba, wannan ai ba na wasa ba ne. Ga mutum nan tsaye kusa da shi."

Na ce, "Uwata, haka zai kasance in an ƙera shi."

"To ba su ƙera ba suke sayarwa?"

Na buɗe baki na rufe. Domin gaskiya ta faɗa: in kamfani ya sa hoton jirgin gaske, ma'anarsa ba shi da ɗan jirgin da zai ɗauka hoto tukuna. Kuma hanyar doguwa ce. Sai an je an auna na gaske in akwai wanda ya rage, a wuri irin gidan tarihin jiragen ƙasa na York, an haska masa leza, an tono tsofaffin zanen injiniyoyi. Sai a zana shi a kwamfuta. Sai a sassaƙa ƙarafan zubi, wanda shi ne ke cinye mafi yawan kuɗin aikin. Sai samfur na farko ya fito, toka-toka ba fenti, a gwada shi a layi, masu bin diddigi, waɗanda har ƙusoshin jirgi suke ƙirgawa, su ce bututun hayaƙin ya yi tsawo, a mayar a gyara. Sai samfur mai fenti. Bayan duk wannan sai an jira layi a masana'anta a ƙasar Sin, inda yawancin kamfanonin Birtaniya ke ƙera kayansu, ga hutun sabuwar shekarar Sinawa da ke tsayar da aiki makonni, ga kwantena a teku. Shekara biyu daga sanarwa zuwa akwati a hannu ba abin mamaki ba ne.

Wanda na zagaye ran nan na wani kamfani ne da ba zan kama sunansa ba. An rubuta zai fito kafin ƙarshen shekarar. Na ba da kafin alƙalami, har na gina masa ɗan shago a kusurwar layi, na shafa wa bangonsa baƙin toka don ya yi kama da wurin da hayaƙi ya daɗe yana bugu. Shekara ta juyo, sabon katalog ya fito, ga shi nan a ciki, wannan karon zanen kwamfuta, da sabuwar rana. Ta sake juyowa, ga samfur mai toka-toka. Ranar da ya iso, yarinyar nan ta shiga sakandare. Jirgin kansa ba laifi, yana tafiya a hankali ba gargada, ƙarar motarsa ƙasa-ƙasa. Amma koren da na yi shekara uku ina kallo a takarda mai duhu ne kamar ganyen da ya ƙoshi da ruwa, wanda ya fito daga akwati kuwa ya fi haske sosai. Sun rubuta da ƙananan baƙaƙe a bayan littafin cewa launi na iya bambanta, don haka ba ni da bakin magana. Tun daga nan ban ƙara biyan ko sisi a kan hoto iri na uku ba.

Kamfanin Bachmann, mai hedikwata a Barwell a Ingila, ya canja salo tun 2020. Maimakon sanarwa ɗaya mai girma a shekara, duk wata uku yake bayyana kaya, kuma akasari sai sun kusa isowa. A hankalce wannan ya fi. Ba jiran gawon shanu. Sai dai yana da nasa ciwon: abu ya bayyana yau, kafin ka tara kuɗinsa ya ƙare a shaguna. Kuma in faɗi gaskiya, ina kewar daɗin nan na zama da littafi ɗaya mai kauri ana mafarki shekara guda. Ɗan Adam ke nan.

To, batun hasashe. Duk Disamba ni da yayana mukan raba dare a waya muna cacar baki a kan abin da zai fito. Shi hanyarsa ɗaya ce: abin da ransa ke so shi ne zai fito. Shekara shida yana rantsuwa a kan wani ɗan kan jirgin tururi na jan taragai a cikin tasha, wanda kaɗan aka ƙera kuma duk baƙin fenti suka sa har suka mutu. Nakan ce masa, "Yaya, wa zai sassaƙa ƙarfen zubi saboda kai kaɗai?" Ya ce ai ba shi kaɗai ba ne, su uku ne.

Ni kuwa kalanda nake fara dubawa, don kamfanonin nan ba sa barin bikin cika shekara ya wuce su. Hornby ya fara jiragen wasa a 1920, da ya cika 100 a 2020 sai ga tsohon kan tururin nan Rocket na Stephenson da taragansa masu ruwan ɗorawa. Shahararren kan tururin nan Flying Scotsman, wanda aka ƙera a Doncaster a 1923, ya cika 100 a 2023, ba sai an yi duba ba kowa ya san za a sake fito da shi cikin sababbin akwatuna. Layin Stockton zuwa Darlington na 1825 ya cika 200 a 2025, ga Locomotion, kan jirgin da ya buɗe layin. Wannan hasashen yara ne.

Wanda ya fi daɗi shi ne bin sawun ƙarfen zubi. In kamfani ya ƙera sabon kai, duba taragon kwal da ruwa da ke bayansa, duba tukunyarsa da tazarar ƙafafunsa, ka tambayi kanka wane jirgi ne kuma ya yi amfani da irinsu a zahiri. Mai kuɗi ba ya sassaƙa ƙarfe don abu ɗaya in zai iya cin biyu da shi. Haka nan in taragan wani layin dogo suka fito ba tare da kan da ya saba jan su ba, to ka sa ido. Wani lokaci ma alamar daga maƙwabci take zuwa. A 2022 Peco, masu ƙera layi a Devon, suka sanar da sabon dogo mai faɗin milimita 12. Muka yi ta tambayar me zai hau kansa. Watan Oktoba sai ga Hornby da jerin TT:120 cur, ma'aunin 1:120, tsakanin ma'aunin OO da ya fi shi girma da ma'aunin N da ya fi shi ƙanƙanta. Ruwa ba ya tsami banza.

Wannan lissafin ne kuma ke bayyana abin da ke ba masu karanta katalog haushi, wato maimaici. Kan dizal samfurin Class 37 na kamfanin English Electric guda 309 aka ƙera tsakanin 1960 da 1965, Class 47 kuwa 512. Sun yi shekaru da dama suna aiki, sun sa fenti iri-iri. Ƙarfen zubi ɗaya zai ba ka samfur hamsin, kowanne da mai so. Shi ya sa Bachmann da Accurascale na ƙasar Ailan suka fito da sabon Class 37 kusan lokaci guda, ba wanda ya janye wa wani. Mu masu saye mun ci riba, don gasar ta sa kowanne ya ƙara inganci, fitilu da ƙara da ƙananan sassa da sai da tabarau ake gani. Amma ɗan baƙin jirgin Yaya yana nan a layi. In zai fito, na fi sa ran daga ƙananan kamfanoni irin Rapido, ko wani shago ya ba da kwangilarsa. Shagon Hattons ya yi irin wannan aikin kafin ya rufe a 2024, har ƙarafan zubin Class 66 ɗinsa suka koma hannun Accurascale.

Na Märklin kuwa don kallo nake saye. Kamfanin tun 1859 yake a Göppingen, kuma littafinsa ya fi kowanne tsari: kowane kai da tarihin na gaskensa, da jerin abin da dikodarsa ke yi, daga usur har ƙarar shebur a cikin kwal. Sai dai sabon shiga ya yi hattara. Jiragensa na ma'aunin HO daga wasu 'yan ƙusoshi da ke tsakiyar layi suke shan wuta, ba za su yi tafiya a dogo mai sanda biyu irin nawa ba. In kana son irinsu a layinka, sashen Trix za ka duba, wanda shi ma nasu ne. Ko hakan ma girman ba ɗaya ba ne: HO 1:87 ne, OO na Birtaniya 1:76, duk da cewa faɗin dogonsu ɗaya, milimita 16.5. Na taɓa ajiye su gefe da gefe, na Jamus ya zama kamar ƙanen na Ingila, alhali a zahiri shi ne babba.

Wanda na fi ji da shi a tarin nawa tsohon katalog ɗin Hornby ne na farkon shekarun 1970, da na saya hannu na biyu, gefensa duk ya yi ja. A bangonsa zanen Terence Cuneo ne, mai zanen nan da ke ɓoye ɗan ɓera a ayyukansa. Jiragen ciki in ka gwada su da na yau kamar an fafe su da wuƙa, ƙafafu masu kauri, taga ba gilashi. Amma da shi nake gane shekarun duk wani tsohon tarago da ya faɗo hannuna, ta lambar nan mai farawa da R.

In yanzu kake shirin shimfiɗa layinka na farko, sayi katalog ɗaya na ma'aunin da ka zaɓa, ka karanta shafukan layi da na wuta kafin ka buɗe na kawunan jirgi. In ka daɗe a harkar, ka san ba shawarata kake jira ba, ka riga ka yi oda.

Bana abu biyu na zagaye da fensir, taragan kwal guda uku a akwati ɗaya da wani ɗan kan dizal mai bin kwanar 371, dukansu hoto iri na farko, da inuwarsu da ƙugiyarsu. Na kira Yaya na ce masa na duba shafi-shafi, nasa bai fito ba. Ya yi shiru, sannan ya ce ya ji ƙishin-ƙishin an ga wasu da abin awo a gidan tarihi, baɗi ne.