Gangara ko musanya lambobi: wace hanya ta fi?

Ga tambaya: an ba ka layin 2x + 3y = 6, ana son ikweshan na layin da zai ratsa shi a kusurwar digiri 90, ya bi ta ɗigon (4, 1).

Hanyar da malamai suka fi koyarwa ita ce ta gangara, wato lambar da ke nuna yadda layi ke hawa ko sauka. Za ka ware y gefe guda, ka samu gangarar layin, wato −2/3. Ka kifa ta, ka sauya alama, ta zama 3/2, domin in an ninka gangarorin biyu dole a samu −1. Sai ka rubuta y − 1 = 3/2(x − 4), ka gyara, ka samu 3x − 2y = 10. Tana da tsawo, kuma ɓangarorin lamba kan sa ɗalibi tuntuɓe, amma kowane mataki a fili yake.

Ta biyun gajeriya ce. Musanya lambobin da ke gaban x da y, ka sauya alamar ɗaya: 3x − 2y = k, inda k lamba ce da za ka nemo. Saka (4, 1), k ya zama 12 − 2, wato 10. Shi ke nan.

Inda ta farko ke cijewa shi ne layi kwance, kamar y = 5. Gangararsa sifili ce, kuma sifili ba ya kifuwa. Musanya kuwa kai tsaye take ba ka x = 4.

A JAMB, inda lokaci ke ƙurewa, musanya zan ɗauka. A takardar WAEC da ake ba matakai maki, gara ka nuna gangararka.