Sharhi a kan H-Net Job Guide, jagorar masu neman koyarwa a jami'o'in da ke haɗa fannoni

Wanda ya kammala digirin digirgir a adabi ko tarihi ko falsafa, kuma yake sha'awar koyarwa a jami'ar da ba ta killace malami a sashe guda ba, abu na farko da zai ba shi wahala shi ne sanin inda ake sanar da irin wannan gurbi. Guraben da ke neman malamin da zai koyar da tarihin duniya da safe, ya jagoranci tattaunawa a kan addinai da falsafar siyasa da yamma, ba su da ƙungiyar masana guda ɗaya da ke tattara su. A ganina H-Net Job Guide, jagorar intanet da ke jera guraben aiki a jami'o'i, ita ce hidimar da ta fi kusa da cike wannan giɓi, kuma ta cancanci a yi mata duban tsanaki, domin alfanunta na da yawa, iyakokinta ma ba ƙanana ba ne.

H-Net ƙungiyar malamai ce da ba riba take nema ba. Masanin tarihi Richard Jensen ne ya assasa ta a Jami'ar Illinois da ke Chicago a farkon shekarun 1990, daga baya ta koma Jami'ar Jihar Michigan. Tana da zaurukan tattaunawar ilimi na intanet fiye da ɗari, irin su H-Africa da H-Asia da H-World, kowanne da editocinsa na sa kai, kuma jagorar ayyukan ɗaya ce daga cikin hidimominta. Jami'ar da ke son sanar da gurbi ita ce ke biyan kuɗi, mai neman aiki kuwa ba ya biyan ko sisi kafin ya karanta sanarwa daga farko har ƙarshe. Wannan abu ne mai muhimmanci ga sabon dakta wanda tallafin karatunsa ya ƙare, albashi kuma bai fara shigowa ba.

Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne sauƙinsa. Kowace sanarwa tana ɗauke da sunan jami'a, da ƙasar da take, da matsayin da ake nema, da ranar da aka sa ta, da ranar rufewa, sannan da babban fanni da ƙananan fannonin da gurbin ya shafa. Bayan haka, zaurukan suna fitar da rahoton guraben mako-mako, ta yadda wanda ya yi rajista da zauren fanninsa zai riƙa samun jerin a imel ba tare da ya je nema ba. Shafin ba shi da ado, ba ya kuma cika wa mutum ido da tallace-tallace, kuma na ɗauki wannan a matsayin girmamawa ga mai karatu.

Sai dai matsalar mai haɗa fannoni tana farawa ne daga rabe-raben da kansu. An gina su a kan tsofaffin sassan jami'a da kuma yankunan duniya: tarihin Afirka, nazarin Gabas ta Tsakiya, adabi, falsafa, nazarin addinai da makamantansu. Gurbin da ya ratsa uku ko huɗu daga cikin waɗannan dole ne jami'a ta zaɓa masa babban fanni guda, kuma zaɓin yana hannun wanda ya cike takardar sanarwa. Saboda haka gurbi ɗaya na koyar da manyan littattafan al'ummomin duniya zai iya faɗawa ƙarƙashin tarihin duniya, makamancinsa a wata jami'ar kuma ya faɗa ƙarƙashin adabi ko nazarin al'adu. Wanda ya dogara ga fanni ɗaya wajen tacewa zai rasa wasu guraben da suka dace da shi ba tare da ya sani ba. Shawarata ita ce mai nema ya riƙa karanta jerin mako gaba ɗaya, musamman daga watan Agusta zuwa Nuwamba, lokacin da jami'o'in Amurka ke fitar da mafi yawan sanarwarsu, kafin a shiga tambayoyin farko ta bidiyo a Disamba da Janairu, a kuma gayyaci 'yan kaɗan zuwa harabar jami'a bayan haka. Karatun yana cin lokaci, amma ban ga wata dabarar da ta maye gurbinsa ba.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi, domin ya shafi rayuwar mutum ta shekaru. Jagorar tana jera gurbin da ke kai ga tabbatar da malami a kujerarsa har ya yi ritaya kafaɗa da kafaɗa da kwantiragin shekara ɗaya, kuma sabon shiga zai iya ɗaukarsu abu ɗaya. A tsarin Amurka, malamin da aka ɗauka a kan hanyar tabbatarwa yakan yi kimanin shekara 6 ana auna bincikensa da koyarwarsa kafin a yanke hukunci, bisa ƙa'idar da ƙungiyar malaman jami'o'in Amurka, AAUP, ta amince da ita a 1940, wadda ta ce lokacin gwaji kada ya wuce shekara 7. Amma alƙaluman ƙungiyar sun nuna cewa wajen kashi biyu cikin uku na masu koyarwa a manyan makarantun ƙasar ba sa kan wannan hanya. Shirye-shiryen karatun bai-ɗaya na 'yan shekarar farko, inda mai haɗa fannoni ya fi samun shiga, sukan dogara sosai a kan malaman kwantiragi da malamai baƙi. Irin wannan malami zai iya ɗaukar darussa huɗu a kowane zango, alhali takwaransa a jami'ar bincike yana ɗaukar biyu, kuma wanda ke ɗauke da huɗu da wuya ya sami sararin rubuta littafin da zai ba shi damar neman kujerar dindindin. Bayanin yakan kasance a cikin sanarwar, ba a ɓoye shi ba, amma hidimar ba ta jan hankalin mai karatu zuwa gare shi, kuma da ta ware nau'o'in biyu a fili tun daga jerin farko da ta taimaki matasan malamai ƙwarai.

Batun albashi ma haka yake. Tun da jihar Colorado ta fara tilasta wa masu ɗaukar aiki bayyana iyakar albashi a 2021, birnin New York ya bi sahu a 2022, California kuma a 2023, sanarwar da ke fitowa daga waɗannan wurare takan zo da adadin dala a rubuce. Da yawa daga cikin sauran kuwa ba sa cewa komai, sai mutum ya tara wasiƙun shaida uku, ya rubuta bayanin salon koyarwarsa, ya haɗa samfurin rubutunsa, duk a kan cinikin biri a sama. Laifin na jami'o'in ne, amma hidimar da ke karɓar kuɗinsu tana da bakin da za ta ƙarfafa musu gwiwar faɗa.

Game da faɗin duniya, dole a faɗi gaskiya cewa nauyin jagorar ya karkata ga Amurka da Kanada. Guraben Turai da Asiya da Gabas ta Tsakiya suna bayyana, galibi daga makarantun da ke bin tsarin Amurka kuma suke koyarwa da Ingilishi. Wannan fage ya bunƙasa a shekarun baya-bayan nan: reshen Jami'ar New York (NYU) na Abu Dhabi ya buɗe a 2010, na Shanghai a 2013, Jami'ar Ashoka ta Indiya a 2014, Duke Kunshan ta ƙasar Sin ta fara karatun digirin farko a 2018, ga kuma tsofaffi irin Jami'ar Amurka ta Beirut da aka kafa a 1866 da ta Alƙahira da aka kafa a 1919. A irin waɗannan wurare ne ake matuƙar bukatar malamin da zai iya sa ɗalibai daga ƙasashe da dama su karanta Aflatun da Confucius da Ibn Khaldun a aji ɗaya. Amma sanarwar aiki ba ta gaya wa mutum ko makaranta za ta ɗore. Kwalejin Yale-NUS ta Singapore ta buɗe a 2013 da babban buri, a 2021 aka sanar da rufe ta, ɗalibanta na ƙarshe suka fita a 2025. Wanda zai kwashi iyalinsa zuwa wata nahiya yana bukatar ya bincika yarjejeniyar da makarantar ta tsaya a kai, da tsawon kwantiraginsa, da 'yancin da malami yake da shi a aji, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan da jagorar za ta amsa masa.

Don haka ba zan ba kowa shawarar ya tsaya a kanta ita kaɗai ba. Mai neman gurbi a Birtaniya zai fi samun biyan bukata a jobs.ac.uk, wanda Jami'ar Warwick ke gudanarwa, malamin adabi da harsuna yana bukatar jerin ayyukan ƙungiyar masana harsuna da adabi ta Amurka, MLA, masanin tarihi kuma ya leƙa na ƙungiyar masana tarihi ta Amurka, AHA. H-Net kanta ba ta karɓar takardun neman aiki, tana tura mutum ne zuwa shafin jami'a ko zuwa Interfolio, inda jami'o'i da yawa ke tattara takardu da wasiƙun shaida. Duk da haka, a cikin waɗannan duka ita ce ta fi tara tarihi da adabi da addini da nazarin yankuna a wuri ɗaya, kuma ga malamin da aikinsa ya ratsa waɗannan fannoni, da ita nake ganin ya kamata ya fara duba guraben kowane mako, sannan ya bi sauran.